Tambayar Tankin da Yaya Ya Ƙi Wucewa

Bayan katangar gidana a nan Dutsin-Ma akwai makaranta, kuma tun da na ajiye alli na yi ritaya ba ni da aikin da ya wuce in shimfiɗa tabarma a gindin bedi in saurari abin da ke fitowa ta tagoginta. Ƙafafuna sun yarda sun huta, kunnena ne ya ƙi. Abin da na daɗe ina jira ban ji ba shi ne waƙar sau, wadda aji guda ke ɗauka da murya ɗaya, biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, har a je gidan goma sha biyu muryoyi sun dushe. Yanzu idan lokacin jarrabawa ya matso, abin da nake ji daban ne. Malami ya karanto tambayar bara ko ta bara waccan, yara su amsa da harafi, wannan ya ce A, wancan ya ce C, malami ya faɗi wanda ya dace, a wuce ta gaba. Ba na jin inda aka tsaya aka ce me ya sa. Ban ga laifin malaman ba, ni ma na yi irin wannan aikin a ƙarshen koyarwata, don abin da za a tambayi yaro shi ake ɗora shi a kai. Sai dai duk ranar da na ji haka, hankalina yakan koma gidanmu a ƙasar Rawayau, ya tsaya a kan yayana.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifinmu, wanda mu ma Malam muke ce masa kamar kowa, yana da makarantar allo a ƙofar zaure, ta 'ya'yan unguwa da na ƙauyukan kusa. Abin da ke tada mu da safe shi ne tarin Malam idan ya fito alwala, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai luguden su Inna a turmi. Kafin rana ta ɗaga, ƙofar gida ta cika da karatu, kowa da inda yake, wannan yana babbaƙu, wancan ya yi nisa cikin izu, muryoyin sun cakuɗe kamar kasuwa. Baƙo zai ce hayaniya ce kawai, amma Malam yana zaune kan buzu, idonsa rabi a rufe, yana jin kowa daban. Idan aka tashi, sai aikin gida. Mai kora awaki ya kora, mai kai taki gona a kan jaki ya kai, da kaka kuma mu wuni muna korar tsuntsu a gero da gwangwani da tsakuwa. Ba mu san gajiya da sunanta ba, sai dai mu ga mun yi barci a kan tuwo.

Dokar Malam a karatu guda ce, kuma ba ta da sassauci. Abin da aka rubuta maka a allo, ba za ka wanke shi ba sai ka zo gabansa ka biya shi daidai, daga farko har ƙarshe. Idan ka kakare a wata aya, a nan za ka tsaya, ko da za ka yi mako a kanta. Kuskure yana da sauƙi a wurinsa, yakan gyara maka da murya ƙasa-ƙasa ka maimaita. Abin da ke sa ya buɗe ido gaba ɗaya ya miƙa hannu wajen bulala shi ne tsallake. Yakan ce wanda ya yi kuskure yana neman hanya ne, wanda ya tsallake kuwa ya raina abin da aka ba shi. A kan wannan doka muka tashi, ni da Yaya, amma ba ta shige mu iri ɗaya ba. Ni gwanin haɗiye aya ne. Idan na zo inda ban iya ba, sai in sassauta murya in yi guna-guni cikin hayaniyar jama'a, in ɓullo a gaba da ƙarfi kamar ba abin da ya faru. Na sha bulala a kan haka har bayana ya saba. Yaya kuwa, wanda ya girme ni da kaɗan, idan ya kakare ko fura ba ya sha da daɗi. Zai ɗauki allonsa ya koma bayan rumbu, ka ji shi yana nanata wuri ɗaya har awaki su gaji da saurare.

Da aka zo neman yaran da za a sa boko, mai gari ya ce kowane gida sai ya ba da ɗaya. Malam bai yi dogon tunani ba, ya nuna ni. A wancan zamani haka ake yi, wanda ake ganin ba za a yi asararsa ba shi ake bayarwa. Ni kuma ko a jikina, na rabu da bulalar asuba. Muka riƙa takawa zuwa Kurfi da sassafe, mu dawo da la'asar ƙafa duk ƙura. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe, idan aka buga shi har cikin haƙori kake ji. Da yamma ina zuwa gida, Yaya zai ja ni gefe ya ce in nuna masa abin da aka yi mana. Turanci bai dame shi ba, lissafi yake so. Ina zana masa a ƙasa da tsinke, kafin in gama bayani ya riga ni amsa, wani lokaci ma ya gyara mini.

Abin da ya ƙarasa tafiya da zuciyarsa wasu mutane ne da suka zo awon hanya ta gefen gonarmu. Suna da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa, ɗaya ya riƙe doguwar sanda mai zane can nesa, ɗaya ya yi ta rubutu. Yaya ya bar awaki suka shiga waken mutane, yana tsaye yana kallo. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu yadda ake zama irinsu, mutumin ya ce masa su safiyo ne, kuma ƙofar aikin lissafi ce, sai an yi firamare an wuce gaba. Daga ranar Yaya bai bar Inna ta huta ba, Inna ba ta bar Baffa, ɗan'uwan Malam, ya huta ba, Baffa kuma ya yi ta zarya wurin Malam har Malam ya gaji ya ce a kai Yaya boko, amma da sharaɗin ba zai fasa karatun asuba ba. Bai daɗe a ƙaramin aji ba aka ɗaga shi, aka sake ɗaga shi, sai ga mu a benci ɗaya, shi yana sunkuyar da kai don ya fi kowa tsawo.

Yadda ake koya mana lissafi a lokacin bai yi nisa da yadda Malam ke yi ba, shi ya sa Yaya ya ji kamar yana gida. Malamin lissafi zai rubuta tambaya ɗaya a babban allo, ya koma ya jingina da taga. Kowa ya yi a nasa, ya kai masa. Idan daidai ne ya ja maka layi, idan ba daidai ba ya nuna maka da yatsa inda ka ɓace, ka koma ka sake. Ba a share allon sai yawancin aji sun fita. 'Yan ƙananan aji suna zuwa da daurin kara da ƙwallayen goriba don ƙirga, mu manya kuma kowace safiya akwai lissafin baka a tsaye, wanda ya amsa ya zauna, wanda ya kasa ya ci gaba da tsayuwa. Ni na san kowace tsaga da ke bangon ajin nan saboda yawan tsayuwa. Yaya bai taɓa kaiwa tambaya ta biyu a tsaye ba. A duk zamansa a makarantar ban taɓa ganin an ba da lissafin da ya gagare shi ba, sai dai wanda ya ɗauke shi lokaci, kuma lokaci a wurinmu ba abin da ake aunawa ba ne.

Da muka kai ajin ƙarshe, hedimasta ya sanar da mu babbar jarrabawa, wadda muke ce wa kwaman. Ya ce takarda ɗaya ce za a ba duk yaran lardi a rana ɗaya, daga can sama ake aiko ta a rufe, can kuma ake mayar da ita a duba. Wanda ya ci zai wuce makarantar kwana, wanda ya faɗi ya koma gida. Ya je da kansa ya sanar da Malam, don ya san inda gardama za ta fito. Muna tsugune a bakin zaure muna ji.

"Allah gafarta Malam, yaran ga biyu duk ina so su zauna. Ƙaramin dai sai addu'a, amma babban, ban taɓa koyar da irinshi ba."

Malam ya amsa yana jan tasbaha. "Ƙaramin naku ne tun tuni, ku yi yadda kuka so da shi. Babban kuwa aro na ba ku. Sau guda za shi zauna ma abin nan. In ya ci, shi tahi, na yahe. In bai ci ba, shi dawo ma allonshi, kuma kada wanda ya sake zo mani da maganag ga."

Hedimasta ya amsa da sauri, har da murmushi, don a ganinsa an gama. Mu ma haka muka ɗauka. Ni ne kowa ke tausaya wa.

Gaskiya ita ce shekarar nan na yi karatun da ban yi ba a duk shekarun baya. Tsoron kwaman ya yi mini abin da bulala ta kasa. Gidan bakwai da gidan takwas, waɗanda na yi ta yi wa guna-guni a cikin waƙar sau, dole na zauna na haddace su, ina kora awaki ina nanatawa. Yaya yakan tsare ni a hanyar Kurfi ya yi ta jefo mini rabawa, in na kasa ya ƙi tafiya sai na fitar. Hedimasta ya ƙara mana zama bayan an tashi. Takardar gwaji kuwa babu, ba mu taɓa ganin tambayar lissafi da aka buga da inji ba, duk a allo muka san ta, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna sau ɗaya hedimasta ya ce mana, "In kun ga wadda ta yi maku wuya, kada ku ɓata lokaci." Da ya faɗa, ni ya kalla, aji duka suka yi dariya, har da Yaya. Shawara ce ta irinmu, ba wanda ya yi zaton ta shafe shi.

A Dutsin-Ma aka yi jarrabawar, cikin zafin bazara. Ran jajibiri muka hau motar 'yan kasuwa a kan buhuna, Inna ta ɗaure mana ƙuli-ƙuli da dawo a ƙyalle, Malam ya ba mu rubutu muka sha, bai ce komai ba sai "Allah shi ba da sa'a." Garin da nake zaune a ciki yau ina ganinsa ƙarami, ran nan ya yi mini girman da na riƙe gefen rigar Yaya. Da safe aka tara mu da yaran wasu makarantu, na Dabawa, na Barkiya, da waɗanda ban san garuruwansu ba, a wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Kowa da teburinsa, kowa da lambarsa, ba a kiran suna. Mai tsaron jarrabawar baƙo ne, ya ɗora agogo a kan tebur, ya nuna mana ambulan a rufe kafin ya yage shi. Ya ce malaman makarantu su fita waje, kuma daga yanzu ba magana. Ni abin da ya fara ba ni mamaki ƙamshin takardar ne. Yaya yana layin da ke gefena, ɗan gaba kaɗan, ina ganin kafaɗarsa da hannunsa.

Tambayoyin farko masu sauƙi ne, tarawa da ɗebewa, na yi su. Ban yi nisa ba na ci karo da wata doguwa. Wai ga tanki, famfo ɗaya yana zuba masa ruwa, wani famfon ya fi shi sauri, a ƙasa kuma akwai huda da ruwan ke fita, sai aka rufe famfo ɗaya a tsakiyar aiki, yaushe tankin zai cika? Ni a lokacin ban taɓa murɗa famfo ba. Na karanta ta sau ɗaya, na ji kaina ya yi nauyi, na yi mata abin da na saba yi wa ayar da ban iya ba. A gabanta sai ga wasu masu sauƙi jere, irin waɗanda Yaya ke jefo mini a hanya, na yi ta kwasa. Da na juya shafi na ɗaga kai, sai na ga Yaya bai juya ba. Na yi shafi na biyu, na sake dubawa, yana nan. Ya cika farar takardar da aka ba shi ta yin aiki da rubutu, ya ɗaga hannu an ƙara masa wata. Yana yi yana sharewa, leɓensa na motsi, daidai yadda yake yi a bayan rumbu.

Hedimasta yana waje, ya zagayo ta tagar da ke kusa da mu kamar mai neman inuwa. Na ga lokacin da idonsa ya sauka kan teburin Yaya, na ga fuskarsa ta sauya. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi da ƙarfi. Ya ɗaga hannu yana juya tafinsa a iska, alamar a juya shafi, amma Yaya ko ɗaga kai bai yi ba, idan yana cikin lissafi ko ganga ake kaɗawa ba ya ji. Mai tsaro ya taso ya ce wa hedimasta ya matsa daga wurin, ya ja tagar ya rufe. Ni kuma na yi tari, na goga ƙafa a ƙasa, har mai tsaro ya nuna ni da yatsa. Daga nan na sunkuyar da kai na ci gaba da abin da ke gabana. Can kusa da ƙarshe na ga kafaɗar Yaya ta sauka, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wani abu, ya juya shafi. Bai yi tambaya biyu ba aka ce a ajiye fensir.

A waje hedimasta ya riƙe shi a kafaɗa yana girgizawa. "Kai, mi ya same ka? Mi ya zaunar da kai wuri guda?"

Yaya ya ce, "Ta tankin ce, Malam. Ta fito. Sai da na gane a fara cire na hudar tukuna." Yana faɗa yana murmushi, gumi na zuba a wuyansa.

"Sauran fa? Shafi nawa ka bari?"

"Ai ban kai gare su ba. Ya za a yi in wuce wadda ban gama ba?"

Hedimasta ya sake shi, ya juya mana baya, ya daɗe yana kallon duwatsun garin. Muka nemi mota muka kamo hanya. Da muka isa gida na ba Inna labarin tambayar, ta riƙe haɓa ta ce, "Wane irin mutum ne za shi ga randa na yoyo shi yi ta zuba ruwa, ba shi liƙe ta ba? Waɗanga mutane su ne za su auna hankalin ɗana?" Muka yi dariya, har Yaya. Ina jin a lokacin bai gama gane abin da ya faru ba. A duk makarantar da ya sani, wanda ya fitar da mai wuya shi ne ya ci.

Sakamako bai zo ba sai da damina ta yi nisa, muna cikin maimai. Hedimasta ya zo a kan kekensa, wandonsa duk laka. Aka kira mu daga gona, muka tsuguna a bakin zaure da fartanya a hannu. Ya ce ni na ci, za ni makarantar horon malamai. Ya ce Yaya bai kai ba. Sannan ya cire hularsa ya riƙe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya roƙi Malam ya bar Yaya ya sake zama baɗi.

"Allah gafarta Malam, ba rashin sani ba ne. Yaron ga ya hi duk wanda ya zauna ɗakin nan. Tambaya guda ce ta tsare shi, ya ƙi wuce ta, har lokaci ya ƙare. Da ya tsallake ta kamar yadda ƙanenshi ya yi, da yanzu wata magana muke."

Na ga Malam ya buɗe ido gaba ɗaya. "Ka ce mi? Bai tsallake ba?"

"Bai tsallake ba."

"Yana ganin lokaci na tahiya, yana ganin 'yan'uwanshi na wucewa, ya tsaya sai da ya hitar da ita?"

"Haka aka yi, shi ya sa nake roƙo..."

Malam ya juya ya kalli Yaya. Mahaifinmu ba mai yabo ba ne, mun girma ba mu taɓa jin ya ce wa ɗayanmu madalla ba. Ran nan fuskarsa ta yi haske. "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi aikin banza ba. Malam Hedimasta, na gode da ka hwaɗa mani wannan, da ban sani ba. Wanga shi ne za shi zauna bisa buzun nan bayana. Wancan mai tsallaken ku tahi da shi, Allah shi yi mashi albarka, can ya dace."

Hedimasta ya mayar da hularsa. Ya gane da bakinsa ya rufe ƙofar da ya zo buɗewa. Na saci kallon Yaya. Kansa na ƙasa, yana murza ƙotar fartanya, hawaye na ɗiga a kan ƙafarsa, kuma har yau ban san nawa ne na daɗin yabon ba, nawa ne na abin da ya rasa. Ya ce, "Na gode, Malam." Muka koma gona muka ƙarasa kunyar da muka bari.

Na tafi makarantar kwana, na fito malami, na koyar da lissafi a ƙauyuka da dama kafin in dawo Dutsin-Ma in zauna. Yaya ya sauke, ya yi littattafai, da Malam ya rasu ya hau buzun. Yana noma gonarmu, yana limanci, mutane suna zuwa daga nesa ya raba musu gado don ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ba zan ce rayuwarsa ta ɓaci ba, ya fi ni daraja a idon jama'a nesa ba kusa ba. Amma lokacin da aka zo aikin madatsar ruwa, masu awo suka cika yankin da abin nan nasu mai ƙafa uku, an gaya mini ya sauya hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta wurinsu. Maganar kwaman kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. A makarantarsa dokar nan tana nan yadda ya gaje ta, yaro ba ya wuce harafi.

Mutane sukan tambaye ni, tunda na tsufa a aikin, ko irin wannan jarrabawa tana sa yara su iya lissafi. Nakan ce ni dai ta sa na iya gidan bakwai. Ta kuma ɗauki ɗan ƙauye da ba wanda ya san ubansa a birni, ta ba shi lamba, ta zaunar da shi daidai da ɗan kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda bai ga zamanin da ake zaɓen yaro da sunan gidansu ba, ba zai gane ba. Amma takardar ba ta dawowa. Ba ta nuna maka da yatsa inda ka ɓace, ba ta san wace tambaya ka yi gumi a kanta ba, abin da ta sani nawa ka kwasa kafin agogo ya cika. Yaran yanzu sun gane haka tun suna ƙanana, shi ya sa suke koyon jarrabawar kanta fiye da lissafin. Na ga yaron da ya ci da maki mai kyau, na ba shi rabawa mai saura ya tsaya yana neman inda aka jera amsoshi ya zaɓa. Wannan yana ba ni baƙin ciki, ba na ɓoyewa. Kuma duk shekarar da na yi ina koyarwa, ranar jajibirin jarrabawa sai na tsaya gaban aji na ce a wuce mai wuya a dawo mata daga baya, ina faɗa ina nanatawa, kuma na fi kallon waɗanda suka fi ƙoƙari.

Bazarar da ta wuce, wata jikar Yaya ta samu zaman jarrabawar shiga jami'a a wata cibiyar kwamfuta da ke nan garin, har da lissafi a cikin darussanta. Na ɗauka ubanta zai kawo ta, sai ga Yaya da kansa, an goyo shi a babur tun daga gida, ga tsufa ga ciwon gwiwa, rawaninsa ya yi ja da ƙurar hanya. Na ce masa ya zauna ya huta ni in raka ta, ya ce a'a. Muka taka tare har bakin ƙofar cibiyar, inda yara suka yi layi kowa da 'yar takardarsa, iyaye suna rakuɓe a inuwa. Yarinyar mai tsokana ce, tun a hanya take ce masa tsohon miji ya zo gadin amarya, shi kuwa ranar bai rama ba. Da aka fara kiran su, ya yi mata addu'a ya shafa, ta juya za ta tafi, sai ya kama gefen hijabinta.

"Tsaya ki ji. In kika ishe wadda ta hi ƙarhinki, ki wuce ta. Kin jiya? Kada ki tsaya mata. Ki wuce, ki yi sauran."

Ta yi dariya tana gyara hijabi. "Kai, Malam! Don wannan ka sha ƙura tun daga gida? Ai kowa ya san haka."

Ta ruga ta shiga layi. Yaya ya bi ta da kallo har ta ɓace a ƙofa, sannan ya dafa kafaɗata don mu nemi wurin zama. Hannunsa ya yi nauyi.

Ya ce, "Ba kowa ba."